Yadda Na Jefa Kakana Cikin Kwami da Azumi a Bakinsa

Ina farawa da sunan Allah, wanda ya halicci ido ya kuma halicci ruwan wanke shi. Sunana Habiba, amma in ka shiga unguwarmu a Birnin Kudu ka tambayi Habiba, mata huɗu za a nuna maka, babu ni a cikinsu. Ka ce Rediyo. Kakana ne ya raɗa mini sunan tun ina 'yar shekara uku, wai ko an zare mini batir ba na yin shiru. Yanzu shekarata goma sha biyar, ina aji biyu a sakandare, kuma ni ce yarinyar da ake ta labarin ta jefa kakanta cikin kwami da azumi a bakinsa. Gaskiya ne, na jefa shi. Na rubuta wannan ne don duk mai ɗan'uwa da ke aiki inda ake da injin sanyi, ko gidan madara ne ko na kifi ko na nama, ya san abin yi in tasa ranar ta zo. Na yi alkawari ba zan ƙara gishiri ba sai inda miyar ta yi lami.

Kakana, Malam Buba, mahaifin babana ne. Makiyayi ne daga wajen Surko, har fari ya zo ya kwashe masa shanu ya bar shi da sanda. Da gwamnati ta samu kuɗin mai aka gina gidan madara a bayan gari, sai aka ɗauke shi aikin duba madara. Kullum da safe yana zaune a bakin ƙofa, mata suna sauke ƙore a gabansa. Ya kalla, ya sansana, ya tsoma yatsa ya ga yadda take zuba, shi ke nan ya san wadda aka yi wa ƙarin ruwa. An ce akwai matar da ya gaya wa har rijiyar da ta ɗebo ruwan. Aikin nan ido ne da hanci, kuma shi ne abin da ya mayar masa da girmansa bayan shanu sun tafi.

A bayan ginin akwai ɗakin inji, daga nan bututai suke fita zuwa ɗakin da ake ajiye madara. Bututan nan kullum a lulluɓe suke da ƙanƙara fara fat, kamar gemun liman. Mai kula da injin, Malam Iliya, ya sha faɗa cewa abin da ke yawo a cikinsu iska ce mai suna amoniya, kada kowa ya taɓa. An ji maganarsa har azumi ya zo. Azumin bana kuwa ruwan sama ya ɗauke a tsakiyar damina, rana ta buɗe, har ƙadangaru sai sun yi shawara kafin su tsallaka tsakar gida. Sai wani mai basira ya gano cewa in aka kankare ƙanƙarar bututu da cokali aka zuba a kwano, ruwan buɗa baki ya samu. Daga cokali aka koma wuƙa. Ana jira Malam Iliya ya tafi masallaci sallar la'asar, sai a shiga. Shugaban masu kankara shi ne Ɗanjuma, mai ɗora garewanin madara a mota, ƙato kamar buhun gero uku a ɗaure.

Ni kuma ina hutun makaranta. Kullum da la'asar sai in ɗauki kwanon sha in tafi, wai na je gaida Kaka. In Ɗanjuma ya cika mini kwano, sai in dawo gida a hankali ina kaɗa shi, don 'yan matan unguwa su ji ƙarar ƙanƙara su san ba ajinmu ɗaya ba. Kaka ba ya shan furar da aka sa wa ƙanƙara, wai tana taɓa masa haƙora, duka huɗun.

Ran sha ɗaya ga azumi Ɗanjuma ya fito mini da 'yar kaɗan, ya ce an riga an kankare ta sama, saura mai tauri da ta manne da ƙarfe. A nan babu gishiri, yadda aka yi zan faɗa. Na kalli kwanon na ce wannan ko zakara aka ba wa ba zai san an yi sanyi ba, ashe girman jikin na banza ne. Mutane suka yi dariya. Ɗanjuma ya ɗauki gizagon wani kafinta da ke gyaran ƙofa ya koma ciki.

Sara uku na ji. A na huɗu sai wata ƙara kamar tayar babbar mota ta fashe, sai huci ba ƙaƙƙautawa, sai farin hayaƙi ya fara rarrafowa ta ƙofa. Warin kuwa, ku tuna garken awakin da aka rufe shekara ba a share ba, ku ninka har ku gaji. Ba wari ba ne ma, mari ne. Idona ya kama zafi, maƙogwarona ya shaƙe. Ma'aikata suka zuba a guje suka nufi babbar ƙofa, ashe can iska take kai hayaƙin, suna gudu yana bin su.

Kaka yana kan buzunsa a gindin bishiya da carbi. Ya miƙe, ya damƙi ƙasa ya sake ta a hankali, ya ga inda iska ta kai ta. Sai ya ɗaga murya da irin kiran da yake yi wa shanu a da, ya kaɗo mutane kaf zuwa wajen wanke garewani, inda iska ke fitowa. Manyan mutane masu gemu suka bi shi kamar maruƙa. Ya ƙirga su da ido yadda makiyayi ke yi da yamma, ya ce saura ɗaya.

Gidan madaran yana da abin rufe fuska na roba, guda ɗaya tal, kuma a rataye yake a ƙusa cikin ɗakin injin, daidai inda hayaƙin ya fi kauri. Kaka ya warware rawaninsa, ya tsoma a kwamin siminti da ake wanke garewani, ya naɗe hanci da baki. Ido ya bari a waje, don sai da shi zai ga hanya. Ya shiga. Ni dai na ce ya yi awa guda a ciki, waɗanda suka fi ni hankali suka ce ko minti biyu bai yi ba. Ya fito da baya yana jan Ɗanjuma ta ƙafafu, yadda ake jawo ɗan maraƙi in haihuwa ta gagari saniya. Ya sake shi a ƙasa, ya tsaya, ya miƙa hannuwa gaba yana lalube.

"Rediyo, ina kike?"

Tun da nake, ban taɓa jin ya tambayi inda nake ba. Kullum tambayarsa ita ce yaushe zan tafi.

Ni ban san komai a kan amoniya ba. Abin da na sani shi ne idona ya yi zafi, na watsa ruwan kwami, na ji sauƙi. Na ja shi bakin kwamin na ce ya tsoma fuskarsa. Ya ƙi. Ya ce ruwa zai wuce masa maƙogwaro, saura awa biyu a sha ruwa, kuma tun da ya balaga bai taɓa ajiye azumi ko na yini ɗaya ba. A bari a kira magariba tukuna. Yana faɗa yana tari, hawaye na zuba, fatar idonsa tana kumbura ina kallo. Mazan da ya ceta suka kewaye shi suna ta Malam ka yi haƙuri, Malam ka daure, amma babu wanda zai iya sa hannu a jikin dattijo.

To ni jika ce. Tun ina tatata nake wasan tsokana da Kaka, ina ɓoye masa takalmi, yana ce mini mummuna. Abin da ya gagari maza goma sha biyu, jika tana da lasisinsa. Na sa ƙafa a bayan tasa, na tura ƙirjinsa. Ya tafi cikin kwamin gaba ɗaya, har da carbi. Na faɗa a kansa, na jawo tiyon da ke zuba, na saita masa a fuska. Ya sha ruwa kam, ba zan ɓoye ba, ya sha na yini uku. Ya zage ni da Fulatancin da ya yi shekaru bai yi ba, har yau ban nemi fassara ba.

Ana haka Malam Iliya ya iso a guje ba takalmi, ya zagaya bayan gini ya murɗe babban makullin iskar, hucin ya tsaya. Da ya ga abin da nake yi sai ya ce kada in tsaya ko da wasa, in buɗe fatar idon da yatsa ruwan ya shiga ciki sosai. Ya sa aka yi wa Ɗanjuma haka, aka tuɓe masa riga aka yi ta kwarara masa. Idon dama na samu na buɗe. Na hagu Kaka ya damƙe shi gam, yatsuna suna ta zamewa. Da motar madara aka kai su asibiti, ina baya da garwa ina ci gaba da zuba masa har muka isa.

Likitan da ya karɓe mu Ba'indiye ne, wata nas tana yi masa tafinta. Bayan an sa wa Kaka robar numfashi a hanci an ƙara wanke idon, likita ya tambaya wa ya fara zuba ruwa. Duk suka nuna ni lokaci guda kamar an kama ɓarauniyar kaza. Na fara shirin kuka. Sai ya ce na yi daidai, ya kuma faɗi maganar da har yau take kaina: wannan iska ruwa take nema, ido ruwa ne, hanci ruwa ne, huhu ruwa ne, in ba ka ba ta na famfo ba sai ta sha naka. Da aka tambaye shi ko Kaka zai sake gani, ya ce ba zai yi alkawari ba, sai ido ya huce. Aka rufe idanun biyu da auduga.

Babana direban babbar mota ne, yana can Ikko, wato Legas, sai saƙo aka aika ta bakin direbobi. Inna kuwa suruka ce, ba za ta zauna a gefen gadon uban mijinta tana share masa majina ba. Ita ke dafa abinci, ta kawo ta tsaya a bakin ƙofa ta durƙusa, ta gaishe shi ta bakina. Wani maƙwabcinmu ke kwana, ni kuma daga hantsi zuwa magariba jinya tawa ce.

Makon farko tari ne. Tari irin wanda ke ɗaga mutum daga katifa, da majina mai jini-jini, murya kuma ta tafi. Ko da muryar tana nan ba zai yi mini magana ba, fushi yake yi. In ya ji motsina sai ya juya fuska bango. In na kai cokali bakinsa sai ya rufe, sai na ce Inna ce ta dafa sannan ya buɗe. A gadon kusa da shi akwai wani malamin allo daga Sundimina da ya karye a ƙafa, shi ya ɗauki shari'ar. Ya ce wa Kaka wanda ya ba da umarnin azumi shi ya ba da amanar ido, yini ɗaya ramawa ake yi, ido kuwa ba a ramawa, kuma wanda aka jefa cikin ruwa ba da son ransa ba ai ba shi da laifin komai. Kaka ya saurara, fuskarsa dai na bango. Ni kuma na ci gaba da surutuna, don shiru ba ya cikin abin da na iya, har ran kwana na huɗu na gaji na zauna na yi tagumi. Ɗakin ya yi tsit. Can sai na ji wata murya kamar ana jan kwano a kan yashi.

"Rediyo. Kunna."

Daga ranar na zama idonsa. Kowace safiya sai in ba shi labarin ɗakin, kuma tun da ba ya gani, wa zai ƙaryata ni? Na ce masa nas ɗin da ke wanke masa ido, Sista Rahila, ta kai rumbu, sai ta karkata take shiga ƙofa, allurarta kuwa tsawon sandar kiwo. Na ce likita yana da gashin baki har yana ɗaure shi a ƙeya in zai ci abinci. Na ce an rataye ƙafar malamin Sundimina a sama har gizo-gizo ya yi gida a tsakanin yatsunsa ya yi aure ya haihu. Malam yana ji yana cewa Allah ya shirye ki. Kaka yana dariya, dariyar tana jawo tari, Sista tana kora ta waje, ba ta san a kan me ake dariyar ba.

Ƙarya ɗaya ce ban yi don dariya ba. Safe da yamma ana cire audugar a ɗiga magani, shi kuwa ba ya ganin komai sai haske-haske, kamar mai kallo ta cikin kunu. Duk sanda aka cire sai ya tambaye ni yaya idon yake. Sai in ce kamar na ango. Alhali na dama ja ne kamar garwashi, na hagu kuwa baƙin ya koma fari kamar kindirmo. Akan ce an gan ni ina kuka a bayan ɗakin wajen igiyar shanya. Ni dai na san akwai hayaƙin masu dafa abinci a wurin.

A mako na biyu Goggo Hurera ta iso daga Fagam ta ƙasar Gwaram, a motar 'yan kasuwa. Ita ce babbar 'yar Kaka. Ta zo da ƙwaryar man shanu, da tozali, da wata maƙwabciyarta mai jego da jariri a baya, don a ɗiga wa Kaka nono a ido da ɗuminsa. Ba a kwalba ta kawo nonon ba, da mai shi ta taho. A lokacin ina layin karɓar magani, layin da na shiga ina aji biyu na fito ina jin na isa fansho, kuma da na kai taga aka ce maganin ɗigawar ya ƙare sai a kemis. Kafin in dawo Goggo ta lafta masa man shanu a wuya da kumatu, inda iskar ta ƙone shi ta saɓule fata. Zuwa yamma wurin ya ɗau zafi yana ruwa. Sista Rahila ta goge shi tas tana faɗa, ta ce wannan ƙuna ba irin ta wuta ba ce, kada a sake shafa masa komai in ba abin da likita ya rubuta ba.

Goggo ta ce to an ji na wuya, amma ido sai nono. Da Sista ta fita sai Goggo ta yafito mai jegon. Ni kuwa na hau gadon na zauna a kusa da kan Kaka na baje hannuwa. Goggo ta ce tun babana bai fara sa wando ba take ɗiga wa mutane nono a ido, wace ce ni. Na ce ni ce Rediyo, kuma in aka matso zan kunna har ofishin likita a ji. Ta ce boko ya lalata ni. Ta juya wajen mahaifinta ta ce ya yi mini magana. Sai Kaka ya juyo inda muryarta take.

"Hurera, wadda ta jefa ni a ruwa ita ke da idon nan yanzu. Ki tambaye ta."

Ba a tambaye ni ba, ba a kuma ɗiga ba. Amma kada in ci amanar Goggo. Kwana tara ta yi tana wanke masa kaya da hannunta, kuma furar da ta dama ce abu na farko da ya sha ya ce a ƙaro. Man shanun kuwa bai yi asara ba, duk ɗakin aka ci shi a tuwon buɗa baki, malamin Sundimina ya sa mata albarka har sau uku. Abin da jinyar ta ci kuma sai ku tambayi Inna, ni dai na san muna da tunkiya a da.

Manajan gidan madara ya zo dubiya sau ɗaya, ya kawo wa mai aikin madara kyautar madarar gwangwani. Ya yaba wa Kaka ƙwarai, ya ce kamfani zai ɗauki nauyin magani, kuma daga baya ya ɗauka, ko da yake sai da Malam Iliya ya yi ta sintiri. Ya kuma ce buzun Kaka yana nan a bakin ƙofa yana jiransa, in ido ya dawo. Wannan "in" ɗin ta zauna a ɗakin bayan ya tafi. Ranar Kaka bai ce a kunna ba.

A asibiti muka yi Sallah. Ranar ce labarin Ɗanjuma ya zo daga Kano, inda aka wuce da shi tun daren farko: zai rayu, amma an yanke masa yatsu biyu da iskar ta daskarar, kuma ƙirjinsa ba zai koma ɗaukar garwa ba. Ina sanye da sabuwar atamfata, kowa ya fita kallon masu dawowa daga idi, sai na gaya wa Kaka abin da na ce wa Ɗanjuma a kan zakara. Na ce bakina ne ya ɗauki gizagon nan. Na jira ya juya bango. Sai ya lalubo kaina ya ɗora hannu, ya ce ai ya ji ni tun a ranar, yana kan buzunsa. Ya ce shi ma kwana goma yana kallon ana shiga da wuƙa ana fitowa da kwano, ya san ba daidai ba ne, ya yi shiru don kada a ce tsoho ya hana yara ruwan sanyi da azumi. Ya ce bakina ya yi yawa, nasa ya yi kaɗan, in aka haɗa mu biyu aka raba daidai da an samu mutanen kirki guda biyu. Ya ce in Ɗanjuma ya dawo, tare za mu je gidansa. Mun je kuwa, kuma a can ne kaɗai aka taɓa ganin Rediyo ta rasa abin faɗa.

Likitan ido daga Kano yake zuwa, sau ɗaya a mako biyu. Zuwan farko da muka sa rai motarsa ta lalace a hanya, muka yini a benci muka koma ɗaki. Sai a mako na biyar ya samu ganin Kaka, bayan mun bi layin da na tabbata wutsiyarsa tana Gwaram. Ya duba da 'yar fitilarsa ya daɗe, ya ce a kai shi gadonsa, a rufe tagogi, a cire audugar a bar shi ya buɗe a hankali.

Sista Rahila ce ta cire. Ina tsaye a ƙarshen gado, na riƙe ƙarfensa. Inna tana bakin ƙofa, babana da ya iso kwana biyu kafin nan yana gefe ya cire hula ya mayar ya fi sau goma. Kaka ya buɗe ido ya rufe. Ya sake buɗewa, hawaye na zuba. Ya juya kai sannu a hankali, bai ce yana gani ba, bai ce ba ya gani ba. Sai ya tsaya a kan Sista, wadda in gaskiya za a bi ko kafaɗata ba ta kai ba.

"Wace ce wannan 'yar ƙaramar?"

Na ce Sista Rahila ce.

"Rumbun?"

Malamin Sundimina ne ya fara fashewa da dariya, sai babana ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula, Inna ta manta da surukuta ta shigo har tsakiyar ɗaki. Sista tana ta tambaya wane rumbu. Kaka ya ce a kira masa likitan ɗakin nan ya ga gashin bakin. Ya leƙa ƙafar malam ya ce ina iyalan gizo-gizon. Ƙaryata ɗaya bayan ɗaya ya bi ya kama, ni kuwa ban taɓa jin daɗin a kama ni ba sai ranar. Daga ƙarshe ya kalle ni sosai, ya ce ashe munin nan yana nan inda ya bar shi.

Da na dama yake gani. Na hagu, wanda ya damƙe yatsuna suka kasa buɗewa, ya tafi ke nan, likita ya ce ba zai dawo ba. Shi ya sa nake roƙon duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa: in iskar nan ta taɓa naka, kada ka jira magariba, kada ka jira mota, kada ka jira mai girma ya yarda. Ku gudu ta inda iska ke fitowa, ku buɗe idon da yatsa ko mai shi yana zagi, ku yi ta zuba ruwa har hannu ya gaji wani ya karɓa. Man shanu kuma a bar shi a tuwo. A gidan madara yanzu abin rufe fuska biyu ne, a waje suke rataye, an ja tiyo har ƙofar ɗakin inji, Malam Iliya kuma da makulli yake tafiya masallaci. Ya kuma sa manaja ya yarda in azumi ya zo a riƙa daskarar da ruwa a gwangwanaye ana raba wa ma'aikata. An ba Ɗanjuma aikin rubuta sunayen masu kawo madara, da yatsu ukun da suka rage.

Kaka ya koma kan buzunsa bayan Babbar Sallah, yana ɗan tari in an yi sanyi. A makon farko wata mata ta ce bari ta gwada mai ido ɗaya, ta yi ƙarin ruwa. Ya karkata kai ya kalli ƙwaryar, ya ce ta koma ta gaida rijiyar. Azumin da ya sha ya rama shi duka, amma ya ce sauran kwanakin ciwo ne ya ci, na ran sha ɗaya kuwa ni na ci, don haka tare muka yi shi, muka buɗe baki da ruwan randa.

Matan da ke kawo madara sukan tsaya su yi masa jaje, su ce Malam ashe ido ɗaya ya rage. Sai ya ce a'a, ba shi da ko ɗaya. Na hagu Mai shi ya karɓi abinsa, na dama kuwa na Rediyo ne, aro ta ba shi. Ni kuma na ce ya riƙe, ba na sauri, sharaɗi ɗaya ne: kullum da safe ya fara kallon munin nan da shi kafin ya kalli madarar kowa.